Keken da Baba Sito Ya Aika Gunduwa-Gunduwa

Baba Sito bai taɓa kiran wani ɓarawo ba, don mutum ne mai ladabi. Abin da ya yi imani da shi kawai, duk wanda ka ga bai yi sata ba, to ba a bar shi shi kaɗai da kaya ba ne tukuna.

Daga aikinsa ya samo sunan. Tun yana saurayi har ya yi furfura shi ke riƙe da siton wani babban asibiti, inda ake ajiye barguna da sabulu da auduga da kwanonin marasa lafiya. Ƙofar siton makulli biyu gare ta, kuma shi ya sa aka ƙara na biyun. Mabuɗi ɗaya yana rataye a wuyansa, ɗayan yana hannun babbar nas, ba a buɗewa sai su biyun suna tsaye. Ranar da ta makara, sai majinyata su yi ta rawar ɗari har ta iso. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, darasin farko da yake ba shi ɗaya ne: kada ka kuskura ka bar wa mutum guda abu cikakke a hannunsa. A gida ma bai sassauta ba. Rediyo yana falo, baturansa suna aljihun maigida.

Da ya yi ritaya aka bincika siton sama da ƙasa, ba a rasa ko allura ba. Aka ba shi takardar yabo, ya sa mata gilashi ya rataye a falo. Bai gina gidan haya ba, bai sayi mota ba. Abin da ya fito da shi daga aiki sunan nan ne na mai amana, sai kekensa.

Keken kuwa ya saye shi ne a zamanin da sayen keke yake da mutunci. A lokacin sai ka yi wanka ka sa rigarka ta fita ka je kanti. Mai kanti ya ɗaga ƙafar gaba ya wulwula ta, ku yi shiru ku biyu kuna sauraro. Ka danna sirdi, ka matsa birki, ka kaɗa ƙararrawa, sannan ku yi musafaha kana kallon ƙwayar idonsa. Baba Sito turo nasa ya yi har gida a ranar, don a ganinsa hawa tun ranar farko rashin kunya ne. Baƙi ne wuluk, da siririn zane ruwan zinariya a jikinsa, ga wata ƙararrawa mai zaƙin murya wadda duk layin suka sani. Ba wanda ya taɓa hawansa sai shi. Matarsa takan ce ai wannan ne ɗansa na fari, sauran yaran ƙannensa ne.

Sai gwiwoyi suka ƙi. Likita ya ce keke ya ƙare. Keken ya koma jingine a lungun da ke tsakanin falo da kicin, inda feda ke jiran ƙaurin uwargida kullum safe.

“Baban Auta,” ta ce wata rana tana murza ƙafa, “ko ɗan farin nan naka ya bar gidan nan, ko ni in bar muku.”

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a wani kantin magani, wayarta ba ta rabuwa da hannunta. Ita ta ce a sa shi a dandalin saye da sayarwa na intanet, inda mutane ke tallar kayansu da kansu.

“Wa zai saya?” in ji Baba.

“Duk wanda ya gani, Baba.”

“Ni kuma in gan shi a ina?”

“Ba sai ka gan shi ba.”

Baba Sito ya dube ta kamar ta ce a cire ƙofar gida a ajiye gefe. Amma ƙaurin uwargida ya yi nasara. Ya sa kwat ɗinsa na ranar ritaya, ya tsaya kusa da keken, hannu ɗaya bisa sirdi, Auta ta ɗauki hoto ta sa, da lambar wayarsa a ƙasa.

Masu saye suka fara zuwa, in har za a kira su masu saye. Yawancinsu ko gaisuwa babu, sai dai “Nawa ne na ƙarshe?” Wani ya ce ya riga ya turo kuɗi fiye da ƙima, a ba shi lambar sirri ta banki ya gyara. Wannan ya faranta wa Baba rai ƙwarai. Ya yi kwanaki yana ba da labarinsa, kamar likitan da ya samu cutar da ya daɗe yana faɗa tana nan. Wani mai burodi ya yi tayi mai kyau, amma da ya ce zai ƙera wa keken akwatin katako a baya, sai Baba ya ce an riga an sayar.

Daga ƙarshe wani malamin firamare ya rubuto daga wani gari mai nisa. Ya fara da gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya sa aya inda ake sa aya. Ya ce makarantarsa tana da tazara da ɗakin da yake haya, kuma tun yana yaro yake sha'awar irin wannan keke. Baba ya karanta saƙon har ƙarshe ya sake karantawa, ya ce, “Wannan an koya masa rubutu.” Daga nan ya zama Ticha a bakin mutanen gidan.

Suka daidaita a kan farashi, sannan suka cije. Ticha ya ce a turo keke ya biya. Baba ya ce a biya ya turo keke. Kowa yana rubuta wa ɗan'uwansa cikin ladabi cewa ba wai bai yarda da shi ba ne. Ana cikin haka wata safiya sai ga saƙon banki: Ticha ya turo kuɗin gaba ɗaya. Ya kuma rubuto cewa ya dubi fuskar Baba a hoto ya ga irin ta mahaifinsa, don haka ya yarda.

Baba Sito bai ji daɗi ba ko kaɗan. “Yaron nan ba shi da wayo,” ya ce wa matarsa. “A hannun irin wannan ake barin 'ya'yan mutane?”

Saura aikawa. Ya fara zuwa ofishin wani kamfanin kai saƙo. Wata akawu tana taunar cingam a bayan gilashi ta ce a sa shi cikin kwali.

“In ya karce fa, 'yata?”

Ba ta ɗago ba, ta nuna masa wata sanarwa a bango da bakin biro. Ta ƙofar baya ya hango ma'aikata suna jefa wa juna kwalaye kamar masu sauke bulo. Ya tuna gidan waya na da, inda ake ɗaure ƙunshi da igiya a ɗiga masa jan danƙo a buga hatimi, akawu ya karɓa da hannu biyu. Ya sa hularsa ya fita.

A tashar mota abin ya fi muni. Ya turo keken ne don direbobi su ga girmansa, kafin ya ankara an kewaye shi. “Baba kawo, a saman mota za mu ɗaure shi!” “Tsoho, wannan ai na gidan tarihi ne!” Wani ɗan kamasho ya miƙa hannu ya kaɗa ƙararrawar. Baba ya ji kamar an taɓa masa ido.

A hanyar gida dabarar ta zo masa, ya kuwa yi mamakin yadda bai tuna da ita tun farko ba. Keke cikakke ana hawansa a gudu da shi. Ƙafa ɗaya fa, wa zai sace ta, ya kai ta ina? Ai dokar sito ce: kada mutum guda ya riƙe duka.

Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a falo, ya ɗauko sifana. Ƙararrawar ya fara kwancewa, ya naɗe ta a hankici ya sa a aljihun kwat, don wannan ba kayan da za a ba direba ba ne. Sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ta leƙo ta tarar da ɗan fari a warwatse.

“Sayar da shi aka yi, ko yanka shi?”

“Ke dai ba ki san mutane ba.”

“Na san guda ɗaya,” ta ce, ta koma kicin.

Ya ba wani direba ƙafar gaba. Washegari ya ba wani daban ƙafar baya. Sirdi da feda suka bi motar kaya, sarƙa da madigadi mai tare taɓo suka bi kamfanin mai cingam, hannun keke da birki suka bi wani direba mai jar hula. Kowane ƙunshi da lambar Ticha a jiki, ba wanda aka gaya wa akwai sauran. Gangar jikin ya riƙe sai ƙarshe. Ticha ma bai gaya masa ba, don wanda ya san tsari yana iya haɗa baki da direba su ce kaya bai iso ba. Don kada a ja shi da hira a ji sirri, sai ya kashe wayarsa ya sa a durowa. Ya yi kwanaki yana tafiya da kafaɗa a sama, yana jin ya fi duk direbobin duniya wayo.

Auta ce ta shigo masa da rana tsaka, ko sallama ba ta gama ba ta ɗora masa waya a cinya. Hoto biyu ne a jere a dandalin. Na farko shi ne, da kwat, hannu bisa sirdi. Na biyu wani siririn saurayi ne mai tabarau, riƙe da ƙafar keke guda ɗaya. A ƙasa an rubuta, da aya da waƙafi kowanne a gurbinsa: “Jama'a, ku yi hattara da wannan dattijo. Na biya kuɗin keke, ga abin da ya aiko mini, ya kuma kashe wayarsa. Furfura ba shaida ba ce.”

Mutane sun yi ta sharhi. Wani ya ce Ticha ya gode Allah, shi bulo aka aiko masa. Wata ta ce a duba idon tsohon, ai ka san tsohon hannu ne. Wani ya ce ya yi haƙuri, wataƙila kowace shekara za a riƙa turo ƙafa ɗaya.

Kafin yamma layin ya ɗauka. Mai aski ya hango shi ya ɗaga almakashi: “Baba Sito! Ashe ana yi da kai ba mu sani ba?” Wannan wasa ne, ya haɗiye. Abin da ya kasa haɗiyewa na mai shagon bakin layi ne. Shekara da shekaru in mai shagon zai fita sai ya ce, “Baba, ga shago nan,” ya tafi. Ran nan ya gaishe shi da kyau, har da rusunawa, sannan ya ja ƙofa ya datse makulli a gabansa.

Baba ya koma gida ya zauna ƙarƙashin takardar yabonsa. Auta ta ce ya kunna waya ya yi wa Ticha bayani. Ya ce sunan da aka ɓata a gaban jama'a ba a wanke shi ta waya. Da safe ya naɗe gangar jikin keken a bargo, ya sa kwat, ya kama wa gangar jikin kujera kusa da tasa a mota, suka tafi tare.

Ɗakin Ticha ciki ɗaya ne, katifa a ƙasa, littattafan yara jibge a kan tebur. A jikin bango kuwa ga ƙafa biyu, ga sirdi, ga feda, ga sarƙa a leda, ga hannun keke, an jera su kamar kayan da 'yan sanda suka kama. Duk sun iso bayan hoton, ɗaya bayan ɗaya.

Ticha ya ga tsoho a bakin ƙofa da bargo a kafaɗa, kunya ta rufe shi. “Baba, don Allah ka gafarce ni. Kullum aka kira ni tasha sai in ce ko tsafi ake yi mini. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?”

“Saboda ɓarayi, ɗana.”

“Waɗanne?”

Ticha ya shiga ba shi labari. Direban ƙafar baya bai karɓi ko sisi ba, ya ce an riga an biya. Kamfanin sun lanƙwasa madigadi, suka kai aka miƙe shi, suka ba da haƙuri. Mai jar hula kuwa da ya kira waya ba a ɗauka ba, sai ya bi yana tambaya har makaranta, ya miƙa kayan ta tagar aji. Baba Sito ya saurara fuska a murtuke. Bai taɓa jin labari mai ɓata rai irin wannan ba.

Ya tuɓe kwat ya rataye, ya durƙusa duk da gwiwoyin, ya haɗa keken noti bayan noti. Da ya gama ya ɗaga ƙafar gaba ya wulwula, suka yi shiru suna sauraro. Ticha ya ɗauki hotonsu tare da keken, ya rubuta ban haƙuri mai tsawo a dandalin, ya ce dattijon nan irin mutanen da ne waɗanda suka ƙare, ya karanta wa Baba da ƙarfi. Baba ya gyara masa kalma ɗaya, ya mai da kwat ɗinsa.

“Baba, sai dai a hoton na ga kamar da ƙararrawa.”

Hannun Baba ya tafi aljihu. Da ma niyyarsa kenan, in an wanke shi ya miƙa. Yatsunsa suka taɓa hankicin, suka ji sanyin ƙarfen ta cikinsa. Ta taga yana hango keken a tsakar gida, a hannun wani, a garin wani. Hannun ya fito ba komai.

“Ai tana jikin hannun keken na aiko,” in ji shi. “Ka gani ko? Abin da nake faɗa kenan.”

Ticha mutum ne mai saurin yarda da saurin fushi. Ya rako Baba tasha, ya kuwa ci sa'a mai jar hula yana lodi. A gaban fasinjoji da 'yan kamasho ya tare shi, ya ce ashe zuwa makarantar nan duk na rufe ido ne, ya ɗauki hoton motarsa ya ce yau duniya za ta san shi. Direban ya rantse har muryarsa ta dushe. Baba Sito yana gefe yana duban takalminsa. Kuma motar nan ita kaɗai ta rage mai komawa a ranar.

Direban bai riƙe tsoho da komai ba, har gaba ya ba shi saboda gwiwa, tsakaninsa da wata mata mai jiki da jaka a cinya. Suka kama hanya yana ta huci. “Baba, kai shaida ne, a ɗaure ka ba ni, a ɗaure na kai. Ina da iyali. Mutane suna ba ni saƙo saboda sun san ni. Yanzu wa zai ƙara ba ni?”

“Sai haƙuri,” in ji Baba.

Motar ta faɗa wani rami. Matar ta zubo kansa da jaka da komai, ta danne aljihun kwat. Daga ƙirjin Baba Sito wata murya mai zaƙi ta ce ƙirrring.

Direban ya dubi hanya. Ya dubi Baba. Ya sake duban hanya.

“Baba, wayarka ce?”

“I.”

“To ɗauka mana, kada mai kira ya gaji.”

“Zai sake kira.”

“Haka ne,” in ji direban. “Akwai ramuka a gaba.”

Akwai su kuwa, kuma Baba zai iya rantsewa direban bai kauce wa ko ɗaya ba. Ya dafe ƙirji da hannu biyu har suka iso, matar tana ta yi masa sannu, tana ba shi labarin wani kawunta da ciwon zuciya ya kashe a mota.

A tasha ya jira kowa ya sauka. Ya zaro hankicin ya ajiye kusa da giya.

“Ka kai masa.”

Direban ya warware, ya juya ƙararrawar a tafin hannunsa. “In kai ta haka ɗungurungum, Baba, ko a kwance ta a raba wa direbobi?”

Baba ya kawar da kai, direban ya ƙaro wata tambayar.

“In ya tambaye ni inda aka same ta fa?”

Baba ya buɗe baki zai ce ƙarƙashin kujera, ya ga idon mutumin, ya rufe. Ban haƙurin Ticha yana can a dandali ko kwana bai yi ba, kalma ɗaya daga bakin direban nan ta isa ta goge shi. Ya nemi yadda zai raba maganar gida biyu ya riƙe rabi, bai samu ba.

“Ka faɗi abin da ka ga dama,” ya ce, ya sauka a hankali.

Bayan kwana kaɗan Auta ta nuna masa sabon rubutun Ticha: ƙararrawa ta fito, direba mai jar hula mutumin kirki ne, ya cire hoton motarsa yana neman afuwa. Ba a faɗi inda ta fito ba. Mai shago ya koma cewa “Baba, ga shago nan.” Lungun kicin ya zama fili, ƙaurin uwargida ya warke.

Direban bai taɓa zuwa neman komai ba. In hanya ta biyo da shi ta bakin layin ya hango tsoho a kan benci, sai ya rage gudu, ya ɗaga jar hularsa, ya ɗan taɓa ham sau ɗaya a hankali, ya wuce. Baba Sito yakan ɗaga hannu, sannan ya bi motar da kallo har ta sha kwana.

“Mutumin nan abin tsoro ne,” ya ce wa matarsa rannan. “Har yanzu ban gano abin da yake jira ba.”